ZAFIN BAZARA DA TUMAKI: AMFANIN GISHIRI, KANWA DA GISHIRIN LASA

Da zarar hunturu ya wuce, watan Maris ya kama, sai rana ta fara nuna halinta. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Nguru da Yamai, zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Mutum yana iya komawa inuwa, ya ɗebi ruwan randa ya sha, ya yi fifita. Tunkiyar da ke ɗaure a turke ba ta da wannan dama. Sai abin da mai ita ya yi mata.

Maganar ta ƙara zama dole a 'yan shekarun nan. A shekarar 2024 an yi Babbar Sallah a Nijeriya ranar 16 ga watan Yuni. A 2025 aka yi ta ranar 6 ga Yuni. Kowace shekara Sallar tana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Ke nan za a ɗauki shekaru ana turka ragunan layya a tsakiyar bazara. Wanda ya zuba kuɗinsa a kiwo, namiji ko mace, ya kamata ya san abin da zafi ke yi wa dabbarsa, da abin da zai ba ta domin ta jure.

Zafi ba gajiya kawai yake sa tunkiya ba. Yana zuƙe wasu sinadarai daga jikinta. Idan aka mayar mata da su ta hanyar gishiri, kanwa da gishirin lasa, za ta fi jurewa. Amma sai an haɗa da ruwa da inuwa, kuma sai an bi ƙa'ida.

YADDA ZA A GANE ZAFI YA DAMI TUNKIYA

Tumakin ƙasar Hausa, wato Balami, Uda da 'Yankasa, sun saba da rana. Gashinsu gajere ne, ba irin ulun tumakin Turai ba. Duk da haka jurewarsu tana da iyaka. Zafin jikin lafiyayyar tunkiya yana kusa da digiri 39. Idan zafin gari ya kai haka ko ya wuce, jikinta yakan sha wuya kafin ya fitar da zafin da ke cikinsa.

Tunkiya ba ta yin gumi sosai kamar mutum ko doki. Babbar hanyar da take sanyaya jikinta ita ce haki. Saboda haka numfashi shi ne abu na farko da za a duba. Mai kiwo ya tsaya gefe, ya dubi cikin dabbar yana hawa yana sauka, ya ƙirga na minti ɗaya da agogo ko waya. Tunkiyar da ke hutawa da sanyin safiya takan yi numfashi sau 20 zuwa 30. Idan ya wuce 60, zafi ya fara damun ta. Idan ya wuce 120, ko ta buɗe baki ta zaro harshe, abin ya kai haɗari.

Sauran alamu su ne:

1. Rage cin abinci, ko barin harawa a komi.
2. Rage tuƙa.
3. Dalalar miyau.
4. Cunkusuwa wuri ɗaya, kowace ta cusa kanta ƙarƙashin 'yar'uwarta.
5. Kasala da yawan kwanciya.
6. Raguwar nono ga mai shayarwa.

Waɗanda zafi ya fi bugawa su ne rago mai ƙiba, tunkiya mai tsohon ciki, mai shayarwa, da ƙananan 'ya'ya.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Tsananin zafi yana iya lalata ƙaramin ciki tun mai tunkiya bai san ta ɗauka ba. Yana sa a haifi ɗa ƙarami marar ƙarfi. Yana raunana irin ragon barbara, kuma sai ya yi kamar mako 6 ko 7 kafin ya dawo daidai. Ragon da aka turka kuwa sai ya tsaya cak, ana ta zuba masa dusa amma ba ya ƙara nama.

A kula, ba kowane haki ne na zafi ba. Hakin zafi yakan lafa idan gari ya yi sanyi da yamma. Idan dabba tana haki har da asuba, ga tari, ga majina, ga zawo ko gyambo a baki, wannan cuta ce. Yana iya zama ciwon huhu, ko annobar nan ta tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR. Gishiri ba ya maganin wannan. Sai a ware ta, a kira malamin dabbobi.

ABIN DA ZAFI KE ZUƘEWA

A jinin kowace dabba da namanta akwai sinadarai irin na gishiri. Kaɗan ne, amma da su zuciya ke bugawa, da su jijiyoyi ke aiki, da su jiki ke riƙe ruwa. Masana suna kiran su ma'adinai. Zafi yana rage su ta hanya huɗu.

Ta farko ita ce haki. Idan tunkiya ta daɗe tana haki, takan fitar da iskar da ta wuce kima daga jininta. Sai ma'aunin jinin ya karkace. Domin a gyara shi, ƙoda takan zubar da wani sinadari mai kama da kanwa ta cikin fitsari. Yana fita tare da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya.

Ta biyu ita ce gumi. Ɗan gumin da tunkiya ke yi yana ɗauke da sinadarin fotasiyam.

Ta uku ita ce miyau. A cikin miyan tunkiya akwai kanwa ta halitta. Duk lokacin da take tuƙa tana haɗiye miyau, wannan kanwa tana kashe tsamin da ke cikin tumbinta. A lokacin zafi tuƙa takan ragu, miyau kuma ya riƙa zuba ƙasa. Ga shi dabbar tana barin harawa tana zaɓen dusa, ita kuwa dusa tsami take ƙarawa. Sai tumbi ya yi tsami, cin abinci ya ƙara raguwa.

Ta huɗu ita ce ƙarancin ci. Narkewar abinci a tumbi tana haifar da zafi, kamar yadda tarin taki ke ɗaukar ɗumi. Don haka tunkiya da kanta take rage ci idan rana ta ƙwalle. Wadda ta rage ci kuwa ta rage samun ma'adinai. Ga shi a bazara ciyawa ta bushe, ba sauran amfani mai yawa a cikinta.

To, fita ta ƙaru, shiga ta ragu. Wannan giɓi shi ne ake son a cike.

Dabba ba ta da baki, amma takan nuna. Idan an ga tumaki suna lasar bango, suna cin ƙasa, suna tauna tsumma, igiya, ƙashi ko leda, sau da yawa ƙarancin gishiri ne ko wani sinadari, ko kuma yunwa. Leda kuwa ba ta narkewa. Takan taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu.

GISHIRI SHI NE NA FARKO

Makiyaya sun daɗe da sanin darajar gishiri. Tun zamanin kakanni ayarin raƙuma ke ɗauko kantun gishiri daga Bilma da Fachi, su ratso hamada su kawo ƙasar Hausa, kuma yawancinsa dabbobi ake ba. Har yanzu a ƙarshen damina Buzaye da Fulani suna kai garkunansu yankin Ingal a Jamhuriyar Nijar, domin dabbobi su sha ruwa mai gishiri, su lashi ƙasa mai gishiri. Binciken zamani bai rushe wannan hikima ba. Ya dai bayyana dalilinta, ya kuma nuna gwargwadon da ya dace.

Gishiri yana mayar da sodiyam ɗin da ya fita. Yana buɗe wa dabba ciki ta ci abinci. Yana kuma sa ta sha ruwa da yawa, wanda shi ne babban abin da ake nema a bazara.

Babbar tunkiya tana bukatar gishiri kamar giram 5 zuwa 10 a rana. Wato ƙaramin cokalin shayi 1 zuwa 2, a shafe ba a tula ba. Mai tumaki 5 ba zai kashe fiye da kilo 1 da rabi a wata ba. Wannan bai kai kuɗin dusar 'yan kwanaki ba.

Hanya biyu ake bayarwa. Ko dai a barbaɗa a cikin dusa a gauraya sosai, ko a ajiye kantu ko dunƙulen gishiri a inuwa, dabba ta lasa lokacin da take so. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, domin tunkiyar da ta saba ba ta lasar fiye da bukatarta. Gishirin miya na leda, mai sinadarin aidin, shi ma yana da kyau. Aidin yana hana maƙoƙo, yana kuma taimaka wa mai ciki ta haifi ɗa mai ƙarfi.

Gargaɗi biyu. Dabbar da ta daɗe ba ta ga gishiri ba, kada a tula mata. Za ta yi haɗama ta ci ya yi mata illa. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako guda. Na biyu, kada a taɓa ba da gishiri inda babu ruwa. Gishiri ba tare da ruwa ba guba ne. Yana sa dabba jiri, ta riƙa tangaɗi, har ta faɗi.

KANWA: AMFANINTA DA IYAKARTA

Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. A cikin tumbin tunkiya haka abin yake. Kanwa tana yin aikin da miyau ke yi. Tana kashe tsamin dusa, tana kuma mayar da abin da ƙoda ta zubar saboda haki. A manyan gidajen kiwo na ƙasashen waje ana zuba wa dabbobi farar hodar nan ta masu yin burodi, wadda ake kira bekin soda, domin wannan dalili. Ita da kanwa dangin juna ne.

Ana samun kanwa a yankin Tafkin Chadi, da ƙasar Manga, da wasu kwaruruka na Jamhuriyar Nijar. Iri-iri ce. Akwai ungurnu, akwai jar kanwa, akwai fara. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wata kuma tana da yashi da ƙasa. Shi ya sa ba a cika hannu da ita.

Ga babbar tunkiya, rabin ƙaramin cokali na dakakkiyar kanwa a rana ya isa, a gauraya a dusa. Idan aka ga kashinta ya yi ruwa, an yi yawa, sai a dakata. Mai jiƙa kanwa a ruwa ya ajiye wani ruwan daban wanda ba komai a cikinsa. Kada ruwan kanwa ya zama shi kaɗai ne abin sha. Idan ɗanɗanon bai yi wa dabba ba za ta ƙi sha, ƙishirwa kuwa ta fi komai haɗari a bazara.

Kanwa ba ta maye gurbin gishiri. Kowanne da aikinsa. Haka kuma fotasiyam ɗin da ke cikinta kaɗan ne. Shi fotasiyam an fi samun sa a ganye. Harawar wake da ta gyaɗa wadda aka adana a inuwa ba ta rasa launinta ba, ɗanyar ciyawar fadama, ganyen dankali, ganyen zogale, duk suna da shi. Itacen gawo ma abokin makiyayi ne, domin da rani yake fitar da ganye, 'ya'yansa kuma abinci ne mai kyau. Ko dami ƙarami na ɗanyen ganye a rana yana da tasiri.

HATTARA DA RAGON DA AKA TURKA

Nan ne masu kiwon Sallah da yawa suke yin asara. Dusa, ta masara ce ko ta dawa ko ta alkama, tana da sinadarin fosfaras da yawa, amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Idan ragon yana cin dusa zalla, ga zafi, ga ƙarancin ruwa, fitsarinsa yakan yi kauri. Sai 'yan tsakuwoyi su taru a mafitsara. Hanyar fitsarin rago doguwa ce kuma siririya. Tsakuwa ɗaya tana iya toshe ta.

Ragon da abin ya kama yakan yi ta yunƙurin fitsari ba ya fita, ko ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Yakan miƙe jiki, ya harbi cikinsa, ya ciji haƙora, ya daina ci. Idan ba a yi sauri ba mafitsara tana iya fashewa cikin kwana biyu ko uku.

Wasu idan sun ga haka sai su ƙara masa kanwa, wai ta wanke mara. Wannan kuskure ne. Irin wannan tsakuwa ta fi saurin taruwa idan kanwa ta yi yawa a jiki. Don haka ragon da ke cin dusa da yawa, a taƙaita masa kanwa ƙwarai, kada a mai da ita ta kullum. Abin da ya fi bukata shi ne:

1. Ruwa mai tsabta dare da rana.
2. Gishiri, domin ya sha ruwa ya yi fitsari da yawa.
3. Harawar wake ko ta gyaɗa kullum, domin tana da kalsiyam.
4. Dusa gwargwado, a raba ta safe da yamma.

Akwai garin farin dutse da masu haɗa abincin kaji ke saye domin kalsiyam. Ana iya zuba kaɗan a dusar rago. Akwai kuma wani sinadari da likitoci ke bayarwa domin hana tsakuwa. Duka biyun a tambayi malamin dabbobi gwargwadonsu. Idan fitsari ya riga ya toshe, ba maganin gida. A nemi likita a ranar.

ƘANANAN SINADARAI MASU BABBAN AIKI

Akwai wasu sinadarai da jiki ke bukata ɗan mitsitsi, kamar saliniyam da zinki. Idan zafi ya tsananta, jiki yakan tara wani datti da ke cin ƙwayoyin nama, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Saliniyam da bitamin E su ne masu share wannan tsatsa. Zinki kuma yana gyara fata da kofato, yana ƙarfafa hanji, yana taimakon ragon barbara.

An gwada wannan a ƙasar Ostareliya, wadda ta shahara da kiwon tumaki kuma take fama da zafi. A shekarar 2014 masu bincike na Jami'ar Melbon suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun sa tumaki a ɗaki mai zafi. Wasu an ƙara musu saliniyam da bitamin E a abinci, wasu ba a ƙara ba. Waɗanda aka ƙara wa sun fi sauƙin haki, zafin jikinsu kuma bai hau kamar na sauran ba. Tun kafin a sa su a zafin aka fara ba su. Wannan darasi ne ga mai kiwo: ba ranar da dabba ta faɗi ake fara neman magani ba.

Sai dai saliniyam abu ne mai haɗari. Tsakanin abin da ke gyara da abin da ke kisa ba nisa. Kada kowa ya sayi allurarsa ya yi da kansa. Kada kuma a haɗa allura da gari da gishirin lasa a lokaci guda, duk masu saliniyam. Hanya mafi aminci ga mai kiwo a ƙauye ita ce gishirin lasa na kanti, wanda aka riga aka auna komai a cikinsa.

YADDA ZA A ZAƁI GISHIRIN LASA

Gishirin lasa dunƙule ne mai kama da bulo. Ana sayar da shi a shagunan magungunan dabbobi da manyan kasuwannin dabbobi. Yawancinsa gishiri ne, an haɗa da sauran sinadarai. Amma ba kowanne ne ya dace da tumaki ba.

Dalili shi ne sinadarin jan ƙarfe. Shanu da awaki suna ɗaukar sa da ɗan yawa ba abin da zai same su. Tunkiya ba haka take ba. Hantarta takan tara shi a hankali, wata da watanni, ba wata alama. Ranar da ta gamu da wahala, kamar doguwar tafiya a mota ko tsananin zafi, sai ya fashe cikin jini gaba ɗaya. Idonta ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsarinta ya yi ja ko baƙi. Yawanci ba ta tashi.

Saboda haka kafin a biya kuɗi a duba takardar da ke jikin dunƙulen:

1. A nemi wanda aka yi domin tumaki. Sau da yawa akwai hoton tunkiya a jiki.
2. Idan hoton saniya ne kaɗai, a bar shi.
3. Da Turanci ana rubuta jan ƙarfe Copper, ko a taƙaice Cu. Idan an ga wannan, a tambayi malamin dabbobi ko ya dace da tumaki.
4. Idan an ga kalmar Urea, dunƙulen yana da sinadari irin na takin zamani. Ba a ba ƙananan 'ya'ya shi, ba a ba dabba mai jin yunwa, ba a kuma bari ruwa ya jiƙa shi dabba ta sha.
5. A duba ranar da zai lalace.

Saboda jan ƙarfen nan ne ba a so a riƙa ba tumaki abincin kaji na buhu, ko a ciyar da su da kashin kajin gidan gona.

A rataye dunƙulen da igiya a inuwa, daidai kan dabba, kusa da ruwa. Kada a ajiye shi a ƙasa inda fitsari da kashi za su ɓata shi. Kada kuma a farfasa shi a zuba a dusa. An yi shi ne domin lasa.

RUWA DA INUWA SU NE GINSHIƘI

Duk abin da aka faɗa a sama taimako ne. Ba ya aiki sai da ruwa da inuwa. Wanda ya sayi gishirin lasa mai tsada ya bar ragonsa a rana, ya yi aikin banza.

Babbar tunkiya takan sha lita 4 zuwa 6 a rana. A bazara tana iya ninka wannan. Babban ragon Balami da tunkiya mai shayarwa suna iya shan lita 10 ko fiye. Shayarwa sau ɗaya a rana ba ta isa ba. A ajiye ruwan a inuwa. Ruwan da ya yini a rana cikin bokitin ƙarfe ko baƙar roba yakan yi zafi, dabba ba ta son sa. Tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki ta fi riƙe sanyi. A wanke mazubin kullum.

Rumfar kara ko ta zana ta fi ta kwano sanyi. Idan kwano ne, a ɗaga shi sama, a shimfiɗa kara ko ciyawa a kansa. A bar gefe a buɗe iska ta ratsa. Mata masu kiwo a cikin gida su lura da inda turke yake. Wurin da ke da inuwa da hantsi yana iya zama rana tsaka da azahar. A duba tsawon igiya, a tabbata dabba tana iya kaiwa ga inuwa da ruwa a kowane lokaci.

A ba da babban abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Masu kora kiwo su fita da wuri, su huta ƙarƙashin itatuwa da tsakar rana. Allura, yankan kofato da ɗora dabbobi a mota duk a yi su da sanyin safiya ko da dare. Mai kai raguna kasuwa, ko Maigatari ce, ko Potiskum, ko Illela, ko kuma kudu za a yi da su, ya shayar da su kafin a tashi, kada kuma a cunkusa su.

IDAN DABBA TA FAƊI

Idan zafi ya kayar da tunkiya, a ɗauke ta zuwa inuwa nan take. A zuba mata ruwa mai sanyi a ƙafafu, ciki, wuya da bayan kai. A yi mata fifita. Idan tana iya sha, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Kada a ɗura mata da ƙarfi tana haki, domin ruwan zai iya bi ta huhu. Wannan ba lokacin tura mata gishiri ko kanwa a baki ba ne. A aika a kira malamin dabbobi.

A FARA DA WURI

Jiki ba ya tara waɗannan sinadarai a kwana ɗaya. Wanda yake son tumakinsa su shiga bazara da ƙarfi ya fara shiri tun watan Fabrairu. Ya gyara rumfa. Ya tanadi harawa. Ya saba musu da gishiri. Ya ba su maganin tsutsar ciki bisa shawarar malamin dabbobi, domin tsutsa tana shan jini tana raunana dabba. Ya tabbata an yi musu rigakafin PPR.

Mai neman ƙarin bayani ya je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ko ya tambayi malamin gona. A Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Aikinta shi ne bincike a kan abinci da kiwon irin waɗannan dabbobi.

Abubuwan da za a riƙe:

1. Ruwa da inuwa tukuna, sannan sinadari.
2. Gishiri ƙaramin cokali 1 zuwa 2 a rana ga babbar tunkiya.
3. Kanwa kaɗan, ga ragon turke kuma ƙasa da haka.
4. Harawa da ɗanyen ganye kullum, ba dusa zalla ba.
5. Gishirin lasa na tumaki, ba na shanu ba.
6. A ƙirga numfashi, a duba fitsarin rago kowace rana.

Tunkiya ita ce asusun talaka. Da ita ake suna, da ita ake layya, ita ake sayarwa a sayi taki ko a kai mara lafiya asibiti. Cokalin gishiri da tukunyar ruwa a inuwa ba su da tsada, asarar rago guda kuwa tana iya cinye wahalar shekara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa albarka a kiwo, ya kai kowa damina lafiya.